Kalar Kawu Bawa Mai Fenti

Duk wanda ya taɓa gaisawa da Kawu Bawa Mai Fenti a kasuwar Yelwa ya san kwalin nan nasa. Guntun kwalin sukari ne da ya huda a tsakiya, hudar ba ta fi kan ɗan yatsa ba, kullum yana aljihunsa na gaba tare da goro. Kuna tsakiyar gaisuwa, ka ce ina kwana, ya ce lahiya lau, sai kawai ka ji, "Tsaya! Kada ka motsa!" Ya zaro kwalin, ya rufe ido ɗaya, ya leƙa kumatunka ta hudar. Wai riga da hula suna ruɗa ido, sai an ware fata ita kaɗai ake ganin kalarta ta gaskiya.

Bai ƙyale kowa ba. Ya yi wa liman, ya yi wa mai nama, ya yi wa baƙin ɗaurin aure. Wata rana muna dawowa daga Shanga a mota, ɗan sanda ya tsare mu a hanya. Ya leƙo ta taga yana tambayar takardu, sai ya ga ido ɗaya yana kallonsa ta cikin kwali.

"Baba, mene ne haka?"

"Yallaɓai, yi haƙuri, kada ka motsa. Ikon Allah! Goshinka ƙanzo na, amma kunnenka gyaɗa soyayya!"

Ɗan sandan ya ja da baya yana shafa kunnensa, ya ce wa direba, "Ku tafi, ku tafi." Ni kuwa na cusa kaina cikin hijabi, ban fito ba sai da muka shigo gari.

Ni ce Sa'adatu, ɗiyar ƙanwarsa, ina aji biyu na babbar sakandare. Shi Malama Shiru yake ce mini, kuma bai yi ƙarya ba. Shi ya sa nake rubuta muku wannan, ku da kuka san shi, don da baki ba zan iya kai ƙarshe ba.

Saura kwana tara matarsa, Gwaggo Kulu, ta fita takaba ta koma Wara wurin 'yan'uwanta, ta aiko a kira ni. Na same ta a ɗaki. Ta miƙo mini kwamfutar hannun da Kawu yake zane da ita, wadda shi yake kira allo.

Ta ce, "Ungo. Ki zana min shi. Ba ni barin gidan nan hannu wofi."

Kun san Kawu bai yarda da hoto ba. In aka ɗaga waya sai ya juya baya, wai waya maƙaryaciya ce, hoda take shafa wa mutane. Hoton da ya rage ɗaya ne, na jikin wani tsohon kati, ya koɗe har yana iya zama na kowa.

Na ce to. Me zan ce? Amma ina fita zaure na tsaya cak. Shekara biyu ina zama kusa da Kawu a shagonsa na ƙofar gida kusan kullum bayan makaranta, amma ban taɓa kallon tsakiyar fuskarsa ba. An hore mu kada a zuba wa babba ido, ni kuma na ƙara da tawa kunyar. Na san takalminsa mai ɗigon fenti. Na san wane maɓallin rigarsa ne ba irin sauran ba. Fuskarsa kuwa, da na rufe ido don in tuno ta, sai ta watse kamar inuwa a ruwa in jirgi ya wuce.

Shi kansa allon da rigima ya shigo gidan. Shekara arba'in Kawu yana rubuta sunaye a jikin jiragen ruwa, yana zana kawuna a allunan masu aski, har warin fenti ya taɓa masa ƙirji. Ɗansa Nura, da ke aiki a Kaduna, ya aiko masa da kwamfutar da alƙalaminta. Wata biyu tana cikin kwalinta, Kawu yana ɗora buta a kai. Da tari ya matsa, ya aika a kira ni, don an ce masa mun taɓa irinta a makaranta.

Ya ce, "Ke ki koya min inda aka taɓawa, ni in koya miki inda aka dubawa. Kin yarda?"

Na gyaɗa kai.

"To ai shi ke nan, mun yi doguwar shawara."

Ya koya da sauri, amma hannun shekara arba'in bai san an canza zamani ba. Tsummansa yana nan a kafaɗa. Duk lokacin da zai canza kala sai ya goge bakin alƙalamin da shi tsaf, wai kada kore ya gurɓata masa ruwan ƙasa. Sannan ga maganar ja. A zamanin gwangwani jan fenti ne ya fi wuyar samu, don haka ko a allo ɗis-ɗis yake taɓa shi. Ranar da ya ba ni in gwada zana mai tallan tumatir, na cika tire da ja, sai na ji tsawa a kaina.

"Ke! Malama Shiru! Rijiyar ja gare ki?"

"Kawu, ba ya ƙarewa."

"Mi kinka ce? Ɗaga murya, ba sauro nika hira da shi ba."

"Jan ne. Na ce ba ya ƙarewa."

"Babu abin da ba ya ƙarewa, ɗiyata. Kogin Kwara ma yana janyewa da rani."

Na ci gaba da tumatir ɗina. Ina kan na ƙarshe, caji ya ƙare, allon ya yi baƙi ƙirin. Kawu ya dube shi, ya ɓare goro, ya ce, "To. Kin gani?"

Abin da ya fi ɓata masa rai shi ne a ce mutum baƙi ne. Ya ce kala uku kawai mutanenmu suka sani, fari, baƙi da wankan tarwaɗa. "Tarwaɗa wace? Ta tsakiyar tafki ko ta kududdufi? Ɗanya ko banda?" Ya taɓa tura ni bakin ruwa da sassafe in tsaya kan kwandon masunta in dubi tarwaɗa ɗaya har sai na ga kala biyar a jikinta. Na tsaya har mai kifin ta fara tambayata ko lafiya. Huɗu na gani. Na dawo ina tsoron faɗa, ya ce huɗu ma arziki ne, shi a shekaruna biyu ya gani.

Ga yadda yake aikinsa, don har yanzu haka nake yi. Ba ya fara zane a kan farin fili, sai ya mai da shi ruwan toka tukuna, don kusa da fari kowace fata duhu take yi wa ido. Sai ya shimfiɗa kala ta tsakiya a fuskar duka, wadda ba ta inuwa ba, ba ta haske ba. Inuwar ƙarƙashin haɓa da gefen hanci ba ya yin ta da baƙi ko kusa, da jan ƙasa mai duhu yake yi, wani lokaci ya ɗan sa shuni. Ƙyallin goshi kuma ba fari ba ne. Ya ce fata mai duhu aro take yi, in mutum yana waje sai ta ari kalar sama, in yana kusa da murhu ta ari ta wuta. Tafin hannu daban, leɓe daban, kunne daban.

A kan wannan ne suka kwasa da Hajiya Tabawa, babbar dilar kifin nan ta bakin kasuwa. Ta zo a zana ta don ta buga babba ta rataya a shagonta. Ta zauna kwana biyu, Kawu ya gama, ya juya mata allon.

"Bawa, ya yi. Amma ka ɗan ƙara min haske."

Kawu ya zana rana a bayanta.

"Ba wannan ba! A jikina nika nufi!"

Ya ƙara ƙyalli a ɗankunnenta.

"Kai Bawa, kada ka mai da ni sakarya. Kowa in an yi mashi hoto ana wanke shi. Ni kaɗai za a bari?"

Kawu ya goge alƙalami da tsumma, ya sunkuya. Ni ina gefe na san akwai abin da yake ƙullawa. Bayan ɗan lokaci ya juya mata allon. Ga wata mata fara fat kamar an fere rogo, sanye da kayan Hajiya.

Ya ce, "Ga ta nan. Ɗiyar wa ta? Faɗa min sunan ubanta in rubuta ƙasa, don masunta su san wadda za su kai ma kifinsu."

Hajiya ta dafe ƙirji. "Mai da ni, ɗan nema! Mai da ni yanzun nan!"

Ya mai da ita. Ta karɓi allon ta daɗe tana kallo, da inuwar shunin nan a wuyanta da ruwan zinariya a kumatunta. Can ta ce a hankali, "Ashe haka nike." Hoton yana nan rataye a shagonta, kuna iya zuwa ku gani.

Sai dai akwai lokacin da idon Kawu ya ci amanarsa, kuma da hannuna a ciki. Nura ya zo hutun Sallah, ya kunna wani abu a allon da ke sa haskensa ya koma rawaya-rawaya don kada ido ya gaji. Bai faɗa wa kowa ba, ya koma Kaduna. Kawu ya riƙa ganin kowace fuska ta yi rawaya da yawa, sai ya riƙa ƙara shuɗi don ya daidaita. A allonsa lafiya lau. Amma da an tura wa mai hoto a wayarsa, sai ya ga kansa toka-toka kamar wanda ya kwana a murhu.

Mai askin bakin tasha ya kawo ƙara, wani ango ya kawo. Kawu ya ce wayoyinsu ne na banza. Ya zagi wayar ango har da kamfanin da ya ƙera ta.

Ni tun ranar farko na gani. Farin da ke gefen allon ya koma kalar koko. Amma ta yaya zan buɗe baki in ce wa mutumin da duk Yelwa ke tsoron idonsa an ruɗe shi? Na gwada maganar a gaban randa, na gwada a hanyar makaranta. In na iso na ga takalminsa a bakin ƙofa, sai ta maƙale. Sati uku ina haka, ba na ko iya cin abinci sosai. Daga ƙarshe na yi abin da matsorata ke yi. Ya tafi sallar La'asar, na kashe abin a ɓoye, na koma kujerata.

Ya dawo, ya buɗe aikinsa, ya ga mutanen toka jere. Ya buɗe wani, haka. Ya murza ido. Ya rufe allon, ya ce in tafi gida.

Washegari da na zo, na tarar da Gwaggo Kulu a tsakar gida idonta jawur. Ashe da safe ya hau kabu-kabu ya tafi asibiti a duba masa ido, aka ce ba a ga komai ba, ya ce su ma nasu idon sai an duba. Yana kwance a tabarma, fuska ga bango.

Ya ce, "Shiru, ido ya tafi. Ɗauki allon, naki na."

Nan na fashe da kuka, magana ta ɓalle mini gaba ɗaya, ta rawaya da ta Nura da ta La'asar, har da randa. Ya tashi zaune.

"Tun yaushe kinka gani?"

"Sati uku."

"Sati uku! La'ilaha illallahu! Kinka bar ni ina zagin wayoyin bayin Allah!"

Ya sa takalmi, ya ce in biyo shi. Shago-shago muka bi. Da muka isa wurin ango, ya ce, "Ba komai, Baba, ya wuce." Kawu ya ce, "Ba kai ba. Fito da wayar. Ita na zaga, ita zan ba haƙuri." A hanyar dawowa ya ce mini, ba tare da ya juyo ba, "Ido gare ki, ɗiyar nan. Baki na babu."

To, wannan idon ne Gwaggo ta dogara da shi, ga shi kwana suna tafiya. Na zana fuska bakwai. Ta farko ta yi kama da Nura, ta uku da direban motar Shanga, sauran ban san ko su wane ne ba. Na tambayi Inna, mahaifiyata, yadda kalar yayanta take, ta ce duhu gare shi irin na babansu. Hajiya Tabawa ta ce ƙarya ne, rana ce ta ƙona shi. Na kira Nura, ya ce shi wallahi bai taɓa lura ba. A aji malamin lissafi ya kira sunana sau uku ban ji ba. Abin da ke cina shi ne in kai wa Gwaggo baƙo, ta karɓa don kada ta kunyata ni, ta tafi da shi Wara ta riƙa kallonsa har ya goge mata na gaskiyan.

Saura kwana biyu, na je na zauna a kujerata ta ƙofar shagonsa, 'yar ƙaramar nan ta hagu. Na ɗaga kai daidai inda na saba ɗagawa, ba sama da haka ba. Sai na ga ashe akwai abin da na sani. Na san bayan hannunsa, kalar tsamiyar da aka jiƙa, gaɓoɓin yatsun sun fi duhu, da koren fentin da bai taɓa fita daga farcen babban yatsansa ba. Na san gefen muƙamuƙinsa in yana tauna goro, da kunnensa in rana ta bugo ta baya, da jijiyar wuyansa. Na daina neman ya kalle ni. Na zana shi daga gefe, a sunkuye yana aiki, hula ta ɗan karkace.

Ranar Alhamis da yamma na kai. An ɗaure kayan Gwaggo a ƙullin zannuwa, ɗakin ya yi faɗi. Na miƙa mata allon da hannu biyu. Ta karɓa. Ta ƙura masa ido. Na ƙirga zaren tabarma har na rasa inda na tsaya.

Ta ce, "Shi na."

Numfashina ya dawo.

"Amma cire mashi hular."

A irin wannan zanen kowane abu da fallensa, kamar takardu shara-shara da aka ɗora kan juna, fata a ƙasa, riga a sama, hula a samanta. Ana iya ɓoye falle ɗaya ba tare da an taɓa sauran ba. Don haka ban yi tunani ba, na taɓa. Hular ta ɓace. Sai a lokacin na tuna ban zana komai a ƙarƙashinta ba, don ban taɓa ganin Kawu ba hula ba. Ga Kawu a hannun matarsa mai takaba, kansa a yanke daga goshi kamar an fafe ƙwarya, ruwan toka yana leƙowa ta ciki.

Na ce innalillahi a zuciyata. Na so ƙasa ta buɗe. Gwaggo ta zuba wa allon ido, kafaɗunta suka fara rawa, na ce shi ke nan, na kashe ta. Sai na ji wata ƙara ta fito mata ta hanci. Dariya! Dariya take yi har da riƙe ciki, wadda ba a ji ba wata huɗu a gidan nan.

"Wallahi haka shike! Shekara talatin da takwas ina faɗa mashi babu komi ƙarƙashin hular nan!"

Da ta lafa ta share ido da bakin zani, ta jawo ni kusa da ita. Ashe duk kawunan da Kawu ya zana wa masu aski, babu mai askin da ya taɓa ganin nasa. Ita take yi masa da reza a ɗaka duk safiyar Juma'a, a rufe ƙofa. Sanƙo gare shi tun yana saurayi.

Ta ce, "Zana, ina faɗa miki. Nan bai taɓa ganin rana ba, ya fi fuskar haske nesa. Kamar bayan sabuwar ƙwarya. A'a, wanga ya yi yawa, rage. Ƙara kaɗan. Yawwa. Daidai inda bakin hula ke zama akwai layi, sama daban, ƙasa daban. Furfura ta zagaye ta baya. Nan kuma, sama da kunnen hagu, tabo. Daga kan jirgi ya faɗo yana rubutu, shekarar da anka kawo ni."

Na bi yatsanta ina yi. Sau huɗu muka canza kalar kafin ta yarda. Da na gama ta sa ɗan yatsa a kan tabon, ta bar shi nan, gilashin ya ɗauki shatin yatsan. Ba ta yi kuka ba. Ni ce na yi, a hankali.

Can ta ce, "To, mai da mashi hulatai. Bai son a gan shi haka."

Na mayar. Na ce, "Gwaggo, in goge na ƙasan?"

"A'a. Bar shi nan. Ni na san shina ciki."

Mai hular aka buga mata, shi ta tafi da shi Wara ranar Juma'a, a naɗe cikin sallayarta. Kafin in rubuta wannan na nemi izininta, ta ce ji ba gani ba ne. Don haka kada wanda ya ce in nuna masa, ko da Nura ne.

Ya Allah, kai ka san bawanka Bawa fiye da duk yadda muka san shi, abin da ya bayyana da abin da ya rufe. Ka rufa masa asiri a can kamar yadda aka rufa masa a nan. Ka yalwata masa makwanci, ka sanyaya zuciyar Gwaggo Kulu a inda ta koma. Amin.